LAIFIN BABBA ROWA, LAIFIN YARO ƘIWUYA

Tambayar da za mu duba a wannan mako ita ce: idan sakamakon jarrabawa ya fito, aka ga yaran wata unguwa sun yi fice, na wata unguwa kuwa sun zube, wa ya kamata a tuhuma? Galibinmu mukan yi saurin cewa yaran ne ba su da himma. To, amma ruwa ba ya tsami banza. Bari mu ɗauki misali daga birnin San Antoniyo na Jihar Teksas a ƙasar Amurka.

A can, kowane yanki yana da tasa gundumar makarantu, kuma wani babban kaso na kuɗin makarantun yana fitowa ne daga harajin gidaje da filayen yankin. A shekarar karatu ta 1967 zuwa 1968, gundumar Edgewood tana da yara kimanin 22,000, kashi 90 cikin 100 'yan asalin Meksiko, mafi yawa 'ya'yan talakawa. Gundumar Alamo Heights kuwa, ta masu hannu da shuni, tana da yara kimanin 5,000.

Ga inda abin mamakin yake. Talakawan Edgewood su ne suka fi ɗora wa kansu haraji mai nauyi, domin a kan kowace dukiya ta dala 10,000 suna biyan dala 105, alhali mutanen Alamo Heights dala 85 suke biya. Amma da yake gidajen talakawa ba su da daraja a kasuwa, abin da harajinsu ya tara wa kowane yaro dala 26 ne kacal a shekara, na masu arziki kuwa ya tara dala 333. Ko da aka haɗa da gudummawar jiha da ta tarayya, yaron Edgewood ya tashi da dala 356, na Alamo Heights da dala 594. A shekarar da ta biyo baya, kusan rabin malaman Edgewood da takardar izinin wucin gadi suke koyarwa, a Alamo Heights kuwa kashi 11 ne kawai.

A 1968 wani uba, Demetrio Rodriguez, tare da waɗansu iyaye, suka kai ƙara. Magana ta kai Kotun Ƙoli ta Amurka, inda a 1973 alƙalai 5 suka rinjayi 4, suka ce tsarin mulkin ƙasar bai ambaci ilimi cikin haƙƙoƙi na asali ba, saboda haka tsarin Teksas bai saɓa masa ba.

To, shari'a ta yanke nata. Amma abin da doka ta ƙyale ba lalle ne ya zama adalci ba. Masu kare wancan tsari suna da hujja wadda bai kamata a raina ta ba. Sun ce mutum yana da ikon kashe guminsa a kan 'ya'yansa, kuma jama'ar da ke biyan kuɗin makaranta da kansu sun fi sa mata ido. Sun ƙara da cewa kuɗi ba ya sayen basira. Duk wannan gaskiya ne. Ba wanda zai hana uba ya saya wa ɗansa littafi.

Sai dai makarantar hukuma ba gidan uban kowa ba ce. Hukuma ce ta tilasta wa yaro zuwa, ita ta shata iyakar gunduma, ita kuma za ta auna shi da ma'auni ɗaya da ɗan mai arziki. Wanda ya raba iri da mudu biyu, babba da ƙarami, ba shi da bakin neman girbi daidai. Yaro bai zaɓi unguwar da aka haife shi ba, balle darajar gidan ubansa. Kuma idan kuɗi ba ya sayen basira, ai yana ɗaukar ƙwararren malami, yana gina aji, yana sayen littattafai. Da ba shi da amfani, da masu arziki ba su yi ta kare nasu a gaban alƙali ba.

Gaskiya ba ta ɓata ba, jinkiri ta yi. A 1989 Kotun Ƙolin Teksas, baki ɗaya, ta ce tsarin ya saɓa wa tsarin mulkin jihar, a 1993 kuma aka yi dokar da ke karɓar wani kaso daga gundumomi masu arziki domin a tallafa wa matalauta. Amma shekara 21 tsakanin kai ƙara da hukuncin 1989 ta isa yaro ya shiga aji ɗaya, ya fita, ya yi aure. Su waɗannan wa zai biya su?

Saboda haka, jama'a, duk ranar da aka kafe sakamakon jarrabawa, mu sani mutum biyu aka jarraba: yaron da ya zauna a aji, da babban da ya yi rabon kuɗi. Kafin mu zargi yaro da ƙiwuya, sai mu fara binciken babba, ko ya yi rowa. Allah Ya sa mu zama masu adalci. Sai mako mai zuwa.