Shaidar Ɗan Banki a Gaban Mai Mulki

A watan Janairun 1993 Robert Rubin ya ajiye shugabancin bankin zuba jari na Goldman Sachs, inda ya shafe shekara 26, ya koma fadar White House a matsayin shugaban farko na Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda Bill Clinton ya kafa don ta riƙa tace masa shawarwari kan kuɗi da haraji da kasuwanci. Bayan shekara biyu aka naɗa shi Sakataren Baitulmalin Amurka. Ya sauka a Yulin 1999, kafin shekarar ta fita kuma ya kama aiki a Citigroup, inda ya kwashi fiye da dala miliyan 100 kafin ya bar wurin a farkon 2009, lokacin da bankin yake numfashi da kuɗin gwamnati. Ba a taɓa kama shi da cin hanci ba, babu kuma wanda ya ce ya ɗauki ko sisin baitulmali. Shi ya sa tarihinsa ya fi na ɓarayin gwamnati amfani ga mai son yin tunani a kan amana. Hukuncin ɓarawo a fili yake. Mai wuyar shi ne hukuncin mutumin kirki, masani, mai tsabtar hannu, wanda aka ɗauko daga wani gida aka ce ya faɗa wa shugaba yadda za a yi da wannan gidan.

A ganina mai ba shugaba shawara shaida ne kafin ya zama komai, don haka da ma'aunin shaida ya kamata a auna shi. Shugaban ƙasa ba ya zuwa kasuwar takardun bashi, bai san abin da ke cikin littattafan bankuna ba. Wani ne zai shigo ofishinsa ya ce ga abin da ke faruwa, ga abin da zai biyo baya idan aka yi kaza, kuma a kan maganar nan za a yanke hukuncin da zai shafi miliyoyin mutanen da ba sa cikin ɗakin. Malaman fiƙihu sun daɗe da gane wani abu game da shaida wanda dokokin ɗa'ar ma'aikata na zamani suka kasa kamawa. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san ba a karɓar shaidar ɗa ga mahaifinsa, ko ta miji ga matarsa, ko ta wanda zai jawo wa kansa amfani ko ya ture wa kansa cuta da abin da ya shaida. Ba a ce sai an kama shi da ƙarya ba. Yana iya zama adalin da gari zai ɗauki azumi a kan maganarsa, amma a wannan shari'a guda alƙali zai ce ya koma gefe saboda tuhuma. Son zuciya ba ya jiran izinin mai shi. Ta ido yake shiga tun kafin ya kai harshe, har mutum ya rantse a kan abin da ya gani, da gaskiyarsa, alhali rabin abin ya gani.

Za a ce, to wa za a kira in ba su ba? Hujja ce mai ƙarfi, kuma addini bai raina ta ba. Annabi Yusufu (AS) da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya kafa hujja da iya tsarewa da kuma sani, a ƙissar Annabi Musa (AS) a Madyana ma ƙarfi aka haɗa da amana aka siffanta wanda ya fi dacewa a ɗauka aiki. Mai tsoron Allah da bai san lissafi ba yana iya kashe tattalin arziki da kyakkyawar niyya. Rubin kuwa ya san aikinsa. Yana cikin waɗanda suka shawo kan Clinton a 1993 ya jingine wasu alkawuran yaƙin neman zaɓe, ya fara da rage giɓin kasafin kuɗi don kuɗin ruwa ya sauka. Kasafin ya wuce ba tare da ƙuri'ar ɗan Republican ko ɗaya ba, a majalisar dattawa ma sai da mataimakin shugaban ƙasa Al Gore ya raba gardama, kuma a 1998 Amurka ta sami rarar kuɗi karo na farko tun 1969. Da kuɗin Meziko ya faɗi warwas a ƙarshen 1994, majalisar dokoki ta noƙe, Rubin da abokin aikinsa a baitulmali Lawrence Summers suka nemo hanyar ba da lamunin dala biliyan 20 daga wani asusun baitulmali da ba ya bukatar sahalewar majalisa. Meziko ta biya tun wa'adi bai cika ba, a farkon 1997, har Amurka ta ci riba.

Amma a dubi wannan nasara da kyau. Kaso mai tsoka na kuɗin ya tafi ne wajen biyan wasu takardun bashi na gajeren zango da gwamnatin Meziko ta ɗaure darajarsu da dala, waɗanda akasarinsu ke hannun masu zuba jari na waje. An biya su cif. Kuɗin man da ƙasar ke sayarwa aka yi jingina da shi, yana bi ta wani asusu a reshen Babban Bankin Amurka na Niyok. A shekarar 1995 tattalin arzikin Meziko ya ragu da kusan kashi 6 cikin ɗari, kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabi, masu ƙananan basussuka suka rasa gidaje da shaguna, daga baya kuma aka mayar da asarar bankunan ƙasar bashin gwamnati, wato bashin kowa. Ban ce an yi haka don a ceci abokai ba, mai yiwuwa ma da ba a kai ɗaukin ba abin ya fi haka muni. Abin lura shi ne wanda ya ba da shaidar shi ya zaɓi ma'aunin nasarar, kuma ma'aunin da ya zaɓa shi ne wanda aka rene shi a kai: idan mai bin bashi ya karɓi kuɗinsa, kasuwa ta natsu, to magana ta ƙare. Asarar mai shago a Meziko ba ta cikin takardun da ɗan banki ya saba dubawa da safe.

Inda tuhumar ta fi fitowa fili shi ne 1998. Akwai wasu kwangiloli da manyan bankuna ke ƙullawa tsakaninsu a bayan fage, inda wannan zai biya wancan idan kuɗin ruwa ya motsa ko wani mai cin bashi ya kasa biya. Babu kasuwar fili da ake cinikinsu, babu hukumar da ta san wa ke bin wa ko nawa ne, kuma bankuna irin su Goldman Sachs na samun riba mai yawa daga wannan duhun. Brooksley Born, lauyar da ke shugabantar hukumar CFTC, ta fitar da takarda a watan Mayun shekarar tana tambaya, tambaya kawai, ko lokaci ya yi da za a sa ido a kansu. A ranar Rubin da Alan Greenspan na Babban Banki da Arthur Levitt na hukumar kasuwar hannun jari suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna suka. A watan Satumba kamfanin Long-Term Capital Management, wanda ya nitse cikin irin waɗannan kwangiloli, ya durƙushe, sai da aka tara bankuna 14 suka haɗa dala biliyan 3.6 don kada ya ja su ƙasa. Duk da haka majalisa ta ɗaure wa hukumar Born hannu na wata shida, ita kuma ta bar aiki a 1999, shekarar da mujallar Time ta buga hoton Rubin da Greenspan da Summers a bangonta a matsayin masu ceton duniya. A Disambar 2000 aka yi dokar da ta fitar da yawancin kwangilolin daga ƙarƙashin sa ido. Shekara takwas bayan haka irin su ne suka kayar da kamfanin inshora na AIG, wanda ceto shi ya ci alkawarin kusan dala biliyan 180, kuma hukumar da majalisa ta kafa don binciken rikicin ta ce a rahotonta na 2011 dokar 2000 na cikin manyan mararrabar da suka kai ga bala'in. Rashin aikin yi a Amurka ya kai kashi 10 cikin ɗari a 2009, miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu.

Mai kare Rubin zai ce bayan abu ya faru kowa malami ne, cewa a lokacin 'yan jam'iyyu biyu duk sun yarda da wannan ra'ayi, kuma ɗora masa mugun nufi zato ne, wani zaton kuwa zunubi ne. Na yarda da na ƙarshen, shi ya sa ban taɓa niyyarsa ba. Shi kansa ya rubuta daga baya cewa ya daɗe yana da damuwa game da haɗarin kwangilolin, kuma fargabarsa a 1998 ita ce kada tambayar Born ta jefa halascin waɗanda aka riga aka ƙulla cikin shakka. Sai dai wannan bayani yana ƙarfafa maganata ne. An aza masa haɗari biyu a gaba, ɗaya zai faɗa kan bankuna gobe da safe, ɗaya zai faɗa kan jama'a wata rana, sai na farkon ya fi yi masa girma a ido. Ƙa'idar tuhuma ba ta bukatar a leƙa zuciyar kowa, ita ce ma take hutar da mu daga zato, domin ana ajiye shaidar ne ba tare da an ce mai ita maƙaryaci ba ne. Batun cewa kowa ya yarda kuma ba daidai ba ne. Born ba ta yarda ba, kuma haɗuwar bakin mutanen da suka sha ruwa a rijiya ɗaya shaida ɗaya ce aka maimaita.

Akwai kuma masu cewa attajiri ya fi ƙarfin a saye shi, tunda albashin minista bai kai abin da yake samu a banki cikin mako guda ba. Dokar Amurka ma a kan wannan tunani ta tsaya: ka sayar da hannun jarinka, ka janye daga abin da ya shafi tsohon kamfaninka na wani lokaci, shi ke nan ka tsarkaka. Henry Paulson ya sayar da hannun jarin Goldman na kusan dala miliyan 500 kafin ya zama Sakataren Baitulmali a 2006. Amma dokar tana tsare ƙofar shiga ce, ta bar ta fita a buɗe. Citigroup ya samu ne daga haɗewar Citicorp da Travelers a 1998, haɗewar da ba za ta ɗore ba sai an rushe shingen da dokar 1933 ta gina tsakanin nau'o'in harkar kuɗi. Rubin ya goyi bayan rushe shingen yana ofis, ya shiga Citigroup a Oktoban 1999, aka sa hannu a sabuwar dokar a Nuwamba. Babu wanda ya nuna an yi ciniki, kuma ba sai an yi ba. Lokacin da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, Manzon Allah (SAW) bai bincika ko ya sassauta wa masu kyautar ba, ya nuna masa ne cewa da ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta zo. A Muwaɗɗa kuma Imam Malik ya kawo yadda Abu Musa, yana gwamnan Basra, ya ba 'ya'yan Sayyidina Umar biyu, da ke cikin wata runduna, kuɗin baitulmali su yi fatauci da su zuwa Madina su mayar da uwar kuɗin. Umar ya tambaya ko duk rundunar aka yi wa haka, da aka ce a'a ya nemi su mayar har da ribar, sai da aka sa baki ya yarda a raba ta biyu. Tambayar ɗaya ce a wurare biyun: da ba don kujerar ba, da an ba ka? Jinkirta kyautar zuwa bayan sauka daga kujera bai canza amsar ba. Abin da Citigroup ya saya ya bayyana a Nuwamban 2001, ranar da Rubin ya buga wa wani babban jami'in baitulmali waya yana tambaya ko gwamnati za ta yi magana da kamfanonin da ke auna ƙarfin masu cin bashi kafin su rage darajar kamfanin Enron, wanda Citigroup ke bi kuɗi masu yawa. Jami'in bai yi ba, binciken majalisar dattawa kuma ya ce ba a karya doka ba. Amma ɗan banki nawa ne za su buga wannan wayar a ɗauka?

Ba wai a hana 'yan banki aikin gwamnati ba. Sayyidina Abubakar ɗan kasuwa ne, kuma da aka ba shi halifanci abin da sahabbai suka yi shi ne yanka masa abin da zai ishe shi daga baitulmali don ya bar kasuwa. Sharuɗɗa biyu suka fito daga nan. A ji ɗan banki a kan duk abin da ya sani, amma idan magana ta zo kan yadda za a ɗaure tsohon gidansa, maganarsa bayani ce da za a auna, kuma dole a ajiye kusa da shi wani mai iko daidai da nasa wanda ba daga gidan ya fito ba. Sannan ya shigo da sanin cewa hanyar komawa ta toshe na shekaru masu yawa. Wanda ya ce ba zai iya ba ya taimake mu, don ya faɗa mana inda zuciyarsa take. Maganar ta shafe mu, tunda Najeriya ma daga Goldman Sachs ta ɗauko Olusegun Aganga ta ba shi ma'aikatar kuɗi a 2010, kuma Wale Edun daga harkar bankin zuba jari ya fito kafin ya zama mashawarcin shugaban ƙasa sannan minista a 2023. Game da Rubin, hukuncina shi ne Clinton ya yi daidai da ya ɗauke shi, ya yi kuskure da ya bar maganarsa ta danne ta Born a 1998, kuma aikin Citigroup bai kamata doka ta halatta masa shi ba.