Shawara Ɗaukar Ɗaki

Tambayata a yau ita ce: idan mutum ya yi miki alheri ba tare da ya tambaye ki abin da kike buƙata ba, shin ya sauke haƙƙinki ke nan? Kar ki yi saurin cewa eh, tsaya mu ɗan tattauna.

Abin da ya jawo maganar shi ne wutar sola. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareto ya gagari talaka, kowa ya koma neman wutar rana. A Janairun shekarar aka buɗe tashar sola mai megawat 10 a Challawa da ke Kumbotso a Kano. Hukumar kai wuta karkara, wato REA, tana tallafa wa kafa ƙananan tashoshi a ƙauyuka, sannan dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara harkar wutarsu. Kin ga ke nan aikin ya matso ƙofar gida.

To amma yaya ake yi in za a kawo? Sai ki ga motoci sun tsaya a ƙofar dagaci, ga kansila, ga wakilin ƙaramar hukuma, ga injiniya. Maza su zauna a tabarma su gama magana, a ɗauki hoto, a watse. Alhali wa ya fi kowa sanin zafin rashin wuta? Mai markaɗe, da mai ƙulla zoɓo da kunun aya da ke sayen ƙanƙara kullum, da ungozomar da ke karɓar haihuwa da tocilan a baki. Su kuwa sai dai su ji labari daga bakin yara.

Wata za ta ce, "Haba, kyauta ce fa, kuma me muka sani game da waya da batir?" Maganarta akwai ƙamshin gaskiya, don ba za mu koya wa injiniya aikinsa ba, kuma yawan taro kan ja aiki ya daɗe. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Injiniya ya san ƙarfin faranti, amma bai san cewa in aka kafa famfon sola a bakin tasha cikin zaratan samari, uwa ba za ta tura budurwarta ɗiban ruwa can ba. Bai san lokacin da injin niƙa ya fi cika ba, balle kuɗin da matar aure za ta iya biya a wata daga cinikin ƙosai.

Sannan kyautar ma ba ta ƙarewa ranar yanka kirtani. Ƙurar hunturu tana rufe faranti ta rage wuta, dole a samu mai gogewa. Batir yana mutuwa bayan 'yan shekaru, dole a tara kuɗin sabo. Abin da ba a yi shawara da mutane ba, ba sa ɗaukarsa nasu, sai su ce ai na gwamnati ne. Shi ya sa kike ganin fitilun kan titi tsaye ba haske, an ma sace batiransu.

Ga kuma maganar fili. Faranti ƙasa yake ci, ƙasar nan kuwa wataƙila gonar gadon marayu ce ko burtalin makiyaya. A Kenya an kafa injinan iska 365 kusa da tafkin Turkana, amma a 2021 kotu ta ce ba a bi doka ba wajen karɓar filin daga al'ummar makiyayan yankin. Wuta ta samu, zukata kuwa ba su kwanta ba. Ni a ganina hasken da aka kunna a kan haƙƙin wani, da sauran duhu a cikinsa.

Don haka amsata ita ce a'a, bai sauke ba. Tambayar mutum ra'ayinsa girmamawa ce, tana nuna an ɗauke shi mai hankali. Mu tuna a Hudaibiyya shawarar Ummu Salama, Allah ya ƙara mata yarda, ita ta warware damuwar da ta taso. Ko ƙa'idar hukumar NERC ta 2016 ta nemi kamfani ya ƙulla yarjejeniya da al'umma kafin ya kafa ƙaramar tasha, al'umma kuwa ai har da mu.

Sai dai mu ma da namu nauyin. Zaman gida bai hana magana isa fada ba. Muna da adashi, muna da Islamiyya, muna da matar mai unguwa. Mu haɗu mu tsayar da dattijuwa biyu masu faɗa a ji, su kai tambayoyinmu: ina za a kafa, filin waye, nawa za a biya, wa zai riƙe kuɗin gyara? Ke kuma 'yar makaranta, ki rubuta amsar a takarda a ajiye. In an kira mu, kar mu ce muna aiki, don wadda ta ƙi zuwa taro ba ta da bakin ƙorafi gobe.

Allah ya haskaka mana gidajenmu da zukatanmu, amin.