KIFIN DA KE CIKIN RUWA, NA WANE NE?

Akwai wata tambaya wadda mu ke so ku 'yan makaranta ku tauna tare da mu a wannan mako. Kowa ya sani wanda ya shiga gonar wani ya karya dawa ya yi sata, gama gona tana da mai ita. To, abin da ba shi da mai shi fa, kamar kifin da ke cikin kogi? In mutum ya sami iko ya kwashe shi duka, manya da ƙanana, ya yi laifi ko bai yi ba? In kuwa ya yi, wa ya zalunta? Wannan magana ba ta warwaruwa a kan allo, sai an je inda masu sana'ar su ke. Saboda haka bari mu kai ku Yawuri, bakin kogin Kwara.

A Yelwa, babban garin ƙasar Yawuri, akwai kwata, watau bakin ruwa inda jirage ke tsayawa. Tun assalatu masunta ke fita duba komar da suka kafa da maraice, kafin hantsi kuwa sai ka ga jirage suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. A kan zube kifi a gindin jirgi, ga tarwaɗa, ga karfasa, ga ƙurungu, ga tsage mai haƙora, wani sa'i har da giwan ruwa. Dillalai na ciniki, mata na farke kifi suna jerawa bisa wuta don yin banda, fatake na ɗaure kwanduna zuwa kasuwannin kudu. A gefe guda masassaƙi na toshe jirgin da ke yoyo, tsofaffi na ɗinkin koma a inuwa. Can gaba kuma manyan jirage masu inji ne ke ɗaukar mutane, da buhunan albasa da shinkafa, da tumaki. In ka lissafa bakunan da ke ci daga wannan wuri, za ka ga masunci shi ne kaɗan cikinsu.

Wanda ya shiga ɗaya daga cikin jiragen nan ya nufi kudu, ba zai daɗe ba sai ya ga kogi ya buɗe ya zama tafki. Wannan shi ne tafkin Kainji, tsawonsa ya fi mil 80. Ba halitta ba ne, datse kogin aka yi. An fara ginin madatsar a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya cinye tsohuwar Busa da tsibirai masu yawa na Gungawa, aka ta da mutum wajen 44,000 aka sake musu mazauni. Jirgi ya kan ratse a tunga bayan tunga, watau 'yan ƙauyukan masunta, galibinsu Sarkawa waɗanda asalinsu daga Kabi ne, a sauke gishiri da man inji, a ɗora banda.

A nan ne matafiyi mai lura zai ga abin da ya sa muka ɗauko wannan magana. Cikin kwandunan da a ke ɗorawa akwai na 'ya'yan kifi waɗanda ba su kai yatsa ba. Ba mu nufin irin kifin nan da Allah ya halitta ƙanana, mu na nufin 'ya'yan manya, har da na giwan ruwa, wanda in an bar shi ya kan fi ƙaton mutum nauyi. Da koma mai ƙaramin ido a ke kama su, waɗansu ma gidan sauro su ke ja. Akwai kuma masu zuba guba, ko ta magimfa ko ta kanti, wadda ba ta zaɓe. Ku tuna akwai irin karfasa wadda uwa ke ɗaukar ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe, ba ta ko neman abinci sosai. Wanda ya kama ta a wannan hali ba kifi ɗaya ya kashe ba.

A shekarun farko na tafkin kifi ya yi yawa ƙwarai, masunta suka yi ta zuwa daga ko'ina, amma kafin shekara 10 abin da a ke kamawa ya ragu da yawa. Gaskiya ne sabon tafki ya kan yi haka, gama ciyayin da ruwa ya binne su ke ciyad da kifi, in sun ruɓe sun ƙare yalwa ta ragu. Amma yawan koma da ƙanƙantar idonta su ma suna da nasu rabo.

Yanzu sai mu saurari masunci, domin ba a yanke wa mutum hukunci a bayansa. Hujjarsa uku ce. Ta fari, iyalinsa yau su ke jin yunwa, ba baɗi ba. Ta biyu, komar da injin bashi ne na wani falke, shi kuwa bashi ba ya jiran kifi ya girma. Ta uku, ya kan ce, in ya saki ɗan kifi, maƙwabcinsa zai kama shi kafin la'asar, watau ya yi hasara ke nan, kifin kuma bai tsira ba.

Hujja ta fari da ta biyu suna rage nauyin laifi, kuma wanda ya ƙoshi bai kamata ya yi musu dariya ba. Amma ta uku ita ce gindin magana. Manomi ba ya cin irinsa ko da yunwa ta matsa masa, domin ya tabbata abin da ya shuka shi zai girbe. Masunci ba shi da wannan tabbaci. Saboda haka kowa na hanzarin riga ɗan'uwansa, kowa kuma, in ka dube shi shi kaɗai, wayo ya ke yi. Sai an haɗa wayonsu duka sa'an nan a ga wauta ce, gama ƙarshenta kowa ya koma gida da jirgi wofi.

To, ga amsarmu. Cewa kogi ba shi da mai shi kuskure ne. Masu shi yawa gare su har ba su ƙirguwa: masuncin Yelwa, da na tungar da ke gaba, da mai banda, da masassaƙi, da yaron da ke goye yau wanda zai nemi abinci a wannan ruwa nan da shekara 20. Wanda ya kwashe 'ya'yan kifi, rabon waɗannan ya ci. Bambancinsa da mai karya dawa ɗaya ne kurum: mai gona ya kan yi kuka ya kai ƙara, wanda ba a haifa ba tukuna kuwa ba shi da baki. A ganinmu wannan ƙara wa abin muni ya ke yi, kamar yadda cin dukiyar maraya ya fi cin ta mai ƙarfi muni. Masunci mai amana ne, an halatta masa ya ci daga abin da ruwa ya haifa, ba a ba shi uwar ba.

Amma kada mu ɗora wa mutum ɗaya abin da ba ya iyawa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haƙurin masunci ɗaya ba shi da amfani sai sauran sun yi tare da shi, wannan kuwa shi ne dalilin doka. Kakanninmu sun gane haka, shi ya sa suka naɗa sarkin ruwa. A Argungu a kan hana su a Matan Fada sai lokacin bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, don haka ne a ke fitar da manyan kifaye a ranar. Inda aka yi jinkiri kuwa, ku dubi Kanada. Turawa sun yi shekara wajen 500 suna kama wani kifi da su ke kira kod a tekun gabashin ƙasar, har manyan jirage suka kusa ƙarar da shi. A 1992 hukuma ta hana kamunsa, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a. Teku ke nan, balle tafki.

Duk da haka doka ba ta iya shiga kowane jirgi. Da tsakar dare a tsakiyar ruwa ba dogari, ba malamin hukuma, sai mutum da zuciyarsa. Hausawa na cewa, kifi na ganinka mai jar koma. Mu ma da ke tudu ba mu kuɓuta ba, gama da ba mai saye, da ba mai kamawa.

Watakila za ku ce ku ba masunta ba ne. Lalle, amma kuna da kogunanku. Littafin makaranta da ka yage, na wanda zai zauna a kujerarka baɗi ne. Rijiyar gari, da itacen daji, da kuɗin baitulmali, dukansu a kan ce ba su da mai su. Cikinku akwai waɗanda za su zama akawu, da alƙalai, da ma'aji, za a kuwa sa muku koma a hannu inda ba mai ganinku. Ran nan kuma za ku ji zuciya tana kawo hujja ta uku, tana cewa in ba ku ci ba wani zai ci. Ku tuna da 'ya'yan kifin nan na Yawuri, ku faɗaɗa idon komarku. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.