Ko Taku Ɗaya Laifi Ne?

A ƙasar Kuroshiya, cikin Turai, akwai dajin da ake kira Filitbitse. Tafkuna 16 ne a cikinsa, a jere kamar matakala, kowanne yana kwarara cikin na ƙasa da shi, har ruwan ya taru ya zama kogin Korana. Gwamnati ta keɓe dajin a 1949, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gādon duniya a 1979.

Mai yawon ƙafa yakan kama hanya da sassafe. Ya bi bakin tafki a inuwar itatuwa, ya haye Kozyak, babban tafkin, cikin jirgin ruwa mai aiki da lantarki, da la'asar ya iso inda ruwa ke zubowa daga tsawon mita 78. A wurare da yawa bisa gadar katako yake tafiya, doka kuwa ta hana shi sauka daga hanya. Tun 2006 an hana wanka a tafkunan.

Ga dalili. Madatsan da suka raba tafkunan nan ba ginin mutum ba ne. Ruwan yana ɗauke da alli, allin yana liƙewa a jikin gansakuka da ƙananan tsire-tsire, a hankali ya daskare ya zama dutse mai gautsi. Abin da madatsa ke ƙaruwa da shi a shekara bai wuce kimanin santimita guda ba. Takalmi yana iya murƙushe aikin shekaru a taku ɗaya.

To, a ce matafiyi ya kai wani lungu da tsakar rana. Ya gaji, ƙafarsa na zafi, ruwa garau a gabansa, ba mai gadi kusa. Zuciyarsa ta ce masa, "Sauka ka jiƙa ƙafa, taku ɗaya me zai rage wa dajin nan?" Maganar da ƙamshin gaskiya, gama ko an auna ba za a ga ɓarnarsa ba. Ashe akwai laifi a abin da ba a ga wanda ya cuta ba?

Akwai. Fiye da mutum miliyan guda sukan shiga dajin a shekara, kowannensu kuwa yana da wannan hujja daidai da shi. In ta wanke shi, ta wanke su duka. In duka suka sauka, madatsan sun lalace. Da yayyafi kogi kan cika. Wanda ya sauka yana cin moriyar haƙurin waɗanda suka kame kansu ne, domin su suka bar masa wurin da kyaunsa.

Wani zai ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari: hukumar da ke sayar da tikiti ga taron nan fa? Gaskiya ne tana da nata alhaki, shi ya sa yanzu take ƙayyade yawan masu shiga a kowace sa'a. Amma hukuma ba ta iya ajiye mai gadi bayan kowane itace. Abin da ya rage yana hannun matafiyi, a lungun da ba mai ganinsa.

Haka yake ga mai rage mudu kaɗan a kasuwa, da mai sare itace ɗaya a dajin gari. Kafin mutum ya ce nasa ƙanƙane ne, sai ya tambayi kansa: in kowa ya yi yadda zan yi, me waɗanda ke tafe a baya za su tarar?