Mayen da Ba a Wartsakewa

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ɗaukaka ɗan Adam da hankali. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya ku bayin Allah, ku ji tsoron Allah. Hankali na cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta tsare, kuma Allah Ya haramta giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Mashayi gani yake in ya bugu da dare, da safe zai wartsake. Jama'a, akwai mayen da ba a wartsakewa.

Likitoci sun tabbatar cewa yawan shan giya shekara da shekaru yana sa ƙwaƙwalwa ta motse, musamman ɓangaren gaba, wanda da shi mutum ke auna magana kafin ya faɗa, ya haɗiye fushi. Ga shi mashayi ba ya cin abincin kirki, giyar kuma tana hana hanji tsotsar bitamin B1. In ya yi ƙaranci, sai ruɗewa, idanu na rawa, ana tangaɗi ko ba a sha ba. Tun 1887 wani likitan Rasha mai suna Korsakoff ya bayyana inda abin ke kaiwa. Magidanci zai tuna malaminsa na makarantar allo, amma abin da ya faru ɗazu ya gagare shi. Iyalinsa ta kawo tuwo, ya cinye, ya wanke hannu, jim kaɗan ya ce yau an bar shi da yunwa. Ka tambaye shi ina ya je jiya, ya tsara maka labari tiryan-tiryan, kuma shi har zuciyarsa gaskiya yake faɗa.

Mu kuma sai mu ce sammu ne, ko aljanu, mu kai shi gidan mari a sa masa sarƙa. Wannan zalunci ne, 'yan'uwa. Mara lafiya ne. Allurar bitamin ɗin, in an yi da wuri, tana iya ceto shi. In an makara, wata ɓarnar ba ta gyaruwa. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ga na Barnawa a Kaduna, ga na Kware a Sakkwato.

Kai kuma ɗan'uwana da aka jarabta, ƙofar tuba a buɗe take, ka tuba yau. Amma in jikinka ya saba da ita, kada ka kulle kanka a ɗaki ka yanke rana ɗaya. Karkarwa, gane-gane da farfaɗiya na iya biyo baya, har su yi ajalin mutum. Ka samu wanda zai rufa maka asiri ya raka ka wurin likita.

Ya Allah Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka shiryi zuri'armu. Amin.