Tsohon Lauje da Iyakar Gyara

Sa'ad da ruwa ya ɗauke a ƙasar Jos, wajen watan Oktoba, kowane gida ya kan nemi laujensa. Acca ta nuna a gonakin Birom, ciyawar jinka ta ƙosa, haki kuma ya rufe hanya. Sau da yawa a kan tarar da laujen a bayan rumbu, tsatsa ta ci shi, ƙota tana girgiɗi. Nan fa sai gardama ta tashi: wani ya ce a yar a sayi sabo, wani ya ce a wasa shi. Maganar ƙarama ce, amma akwai babba a cikinta. In abu ya dakushe, ko kuwa mutum, mene ne ya wajaba a kanmu, ina kuma iyakar gyara?

Mutanen dā ba su yar da ƙarfe, gama da wahala a ke samunsa. Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan kayan tarihi na Jos a 1952, ya haƙa ƙasa a Taruga bayan 1960, ya tarar da wuraren narkar da tama waɗanda suka fi shekara 2,000. Wanda ya tono tama, ya ƙona gawayi, ya yini yana zuga, ba ya raina guntun ƙarfe. In fartanya ta cinye, sai a mai da ita maƙera ta zama wuƙa. Da tsohuwar zuma a ke magani.

To, mai hankali, kafin ya ɗauki dutsen washi, ya kan fara sanin abin da ke hannunsa. Akwai lauje mai santsin baki, na yankan ɗanyar ciyawa. Akwai mai ƙananan haƙora, wanda ya ke kama busasshen kara. Akwai kuma langalanga, doguwa mai sirantaka, wadda 'yan makaranta su ke sheme fili da ita. Ita ba lauje ba ce, ko da ya ke aikinsu ya yi kusa. Kowanne da irin washinsa. Mai haƙora, in aka goga shi a dutse gaba da baya kamar wuƙa, haƙoran za su shafe, ya rasa abin da ya sa ya ke da amfani. Shi a gefe ɗaya kaɗai a ke taɓa shi, ko kuwa a kai wa maƙeri ya sake fid da haƙoran.

Mai santsin baki kuwa, a kan kankare tsatsarsa da yashi, a ƙarfafa ƙota, a duba ko ya tsage. Sa'an nan a jiƙa siririn dutse, ko a ɗauki magagari, a bi cikin lanƙwasa daga gindi zuwa tsini, a hankali, hannu ba ya sake karkata. Yadda a ke gane an gama shi ne a ɗaga bakin a rana. Inda ya dakushe, nan ne ya ke walƙiya. Kaifi na gaske ba ya ɗaukar ido.

Ku lura da abu biyu, 'yan'uwa. Na fari, babu washi sai an rage ƙarfe. Laujen da ba a taɓa rage shi ba, ba ya yanka. Na biyu, ragewar tana da iyaka. Wanda ya danna lauje a injin washi da gaggawa, zai ga bakin ya yi shuɗi. Alama ke nan zafi ya kai wajen digiri 300, taurin da maƙeri ya ba ƙarfen ya saki. Zai yi ƙyalli, amma ba zai ƙara riƙe kaifi ba.

Haka gyaran mutum ya ke. A cikinmu akwai kuskure iri biyu. Waɗansu su kan ce, a bar kowa da halinsa, kada a ɓata zumunci. Suna tsammani tausayi ne, amma laujen da aka bari a bayan rumbu ba hutawa ya ke yi ba, tsatsa ce ta ke cinsa. In dattijo ya fara cin amanar kuɗin jama'a, ko saurayi ya kama sha, aka yi shiru don kunya, ba a cece shi ba, an dai bar shi ya lalace a ɓoye. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Waɗansu kuma su kan ce, gaskiya gaskiya ce, a faɗe ta ko ta yaya. Sai su tsawata wa yaro a gaban taro, da irin kalmomin da za su yi wa ƙangararre. Mai yiwuwa abin da suka faɗa daidai ne, duk da haka zafinsa ya kashe zuciyar yaron. Zai yi ladabi a ido, amma ba zai sake kawo damuwarsa wurin kowa ba. Wani ma abin da a ke kira laifinsa, kamar yawan tambaya ko tsayawa a kan magana, shi ne haƙoran laujensa. In an shafe shi, an shafe amfaninsa. Domin wannan Matiyu 18:15 ya sa gyara ya fara a keɓe, Galatiyawa 6:1 kuma ta ɗaure shi da tawali'u.

Wani zai ce, ai sanin mutum yana cin lokaci, laifi kuwa ba ya jira. Gaskiya ne, akwai ɓarnar da dole a tsai da ita nan take, musamman in tana cutar marar ƙarfi. Amma tsai da ɓarna dabam, gyaran mai ɓarna dabam. Na biyun ba ya yiwuwa sai da sani da haƙuri. Mai gyara kuma ya tuna dutsen washi shi ma yana cinyewa. Wanda ba ya so ya rasa kome, ko lokacinsa ko girman kansa, bai isa ya wasa kowa ba.

A cikin 1 Sama'ila sura 13 an ba da labarin zamanin da babu maƙeri a Isra'ila, har mutane su kan gangara wurin Filistiyawa, abokan gābansu, domin a wasa musu kayan noma. Jama'ar da ba ta da masu gyara a cikinta, waɗanda ba su ƙaunarta ne za su gyara ta, da tsada kuwa.

Tambayoyi domin tattaunawa:

1. Wane kuskure ya fi yawa a cikinmu, shiru ko zafi?
2. Yaya za mu bambanta tsatsar mutum da haƙoran laujensa?
3. Wa ka ba izini ya gyara ka, yaushe kuma ka saurare shi?