Kuɗin Shiga Makarantar Jinya: Nauyin Gida Ɗaya Ne Ko Na Gari?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai ba da lafiya, Mai buɗa ƙofofin arziki. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, kowace shekara in damina ta ja baya, lokacin komawa makaranta ya gabato, akwai gidajen da ke yin murnar kwana biyu sannan su shiga zullumi. An karɓi ɗansu ko ɗiyarsu a makarantar koyon aikin jinya, ko dai ta gwamnati da ke Yamai, wadda aka sa wa sunan Damure Zika, ko ta Damagaram, ko ɗaya daga cikin masu zaman kansu. Mai gida ya riga ya yi lissafin kuɗin karatu, ya ɗauka ya gama. Sai yaro ya dawo da takarda mai ɗauke da abubuwan da ba wanda ya tuna da su.

Ga kuɗin rajista. Ga takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa da ta kotu, kowace da tambur nata. Ga hotuna, ga awon likita. Ga farar rigar aiki, da abin awon zafin jiki, da na hawan jini, da abin sauraron ƙirji. In daga ƙauye yaron ya fito, ga hayar ɗaki, kuma mai gidan haya ba ya ba da mabuɗi sai an biya watanni gaba. Ga katifa da tukunya, ga kuɗin zuwa asibitin da za a tura shi koyon aiki. Kowane ɗaya ƙarami ne, amma a mako guda ake neman su duka. Ga shi lokacin kaka ne, sa'ad da hatsi ya fi araha, manomi ya zubar da buhu biyu domin abin da buhu ɗaya zai biya da bazara.

To, wa ya kamata ya ɗauki wannan kaya? Da yawanmu za su ce uban yaro, tunda ɗansa ne zai ci albashi. Mu dakata mu duba.

Malamai sun raba wajibi gida biyu. Akwai wanda ke kan kowane mutum shi kaɗai, kamar salla. Akwai farilla ta kifaya, wadda ke kan jama'a gaba ɗaya: in wasu suka tsayu da ita an ɗauke wa sauran, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya sanya ilimin likitanci cikin wannan kashi a littafinsa Ihya'u, har ya zargi mutanen zamaninsa da yin tururuwa ga fikihu alhali garuruwansu ba su da likita nasu. Tun a Madina ma, Rufaida Al-Aslamiyya tana da hema a masallaci inda take jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu da kibiya ta same shi a yaƙin Gwalalo, shekara ta 5 bayan Hijira.

Mu ma mun san buƙatar. Dattawanmu ba su manta da annobar sanƙarau ta 1995 da 1996 ba. Kowace damina zazzaɓin sauro na cika gidajen likita da yara. Kuma mu ne ke kuka cewa maza na duba matanmu wajen haihuwa. In ɗiyar maƙwabci ta tashi koyon wannan aiki, ta rasa kuɗin farar riga, muka kau da kai, da wane baki za mu sake yin wannan kuka? Yaron da ya shiga makarantar jinya wakilinmu ne, yana sauke mana nauyin da ke wuyanmu duka. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka uban da ya fito ya gaya wa danginsa da maƙwabtansa halin da yake ciki bai yi bara ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma kafin ya buɗa baki, akwai abin da ke kansa. Ya je makarantar da kansa, ko ya aiki wanda ya iya karatu, a rubuto masa duk abin da ake nema, har na shekara ta 2 da ta 3, a kuma tambayo ko ana karɓar biya kashi-kashi. Ya rarrabe abin da ake so ranar farko da wanda zai iya jiran wata uku. Ya nemi ɗaliban da suka gabata, domin littafi da abin awon jini ba su lalacewa don sun canja hannu. Yaro kuma ya haƙura da sabuwar salula da ɗaki shi kaɗai, ya haɗa haya da abokan karatu.

Akwai ƙofofi uku da gaggawa ke tura mutum gare su. Ta farko bashi da ruwa: a karɓi jika goma a biya sha biyu ko fiye, riba ce ƙarara, kuma tana girma alhali yaro bai fara samun ko dala ba. Ta biyu jinginar da gona ko sayar da iri da shanun huɗa, wato a ciyar da ɗa ɗaya da abincin sauran. Ta uku ita ta fi muni: a tura yarinya birni hannu wofi, a ce ta san yadda za ta yi. Birni ba ya rasa masu ba da taimako mai sharaɗi. Duk uban da ya yi haka, da dangin da suka gani suka yi shiru, su shirya amsar da za su bayar gobe kiyama.

Me jama'ar masallaci za su yi? Ba sai mun je nesa neman misali ba. A 1991 aka fara asusun Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, inda mata ke zuba ɗan abin da suka samu kowane mako, tsarin har ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. In mata sun iya tara dala-dala ta zama jari, masallacin da ke cika kowace Juma'a zai iya buɗa asusun rance marar ƙari domin ɗaliban unguwa. A sa amintattu uku su riƙe shi. A rubuta kowane rance a gaban shaidu, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ɗalibin da gidansu ba su da komai kuwa, shi matalauci ne, zakka ta halatta gare shi, kuma masu bashi ma suna cikin kaso 8 da aya ta 60 cikin Tauba ta ambata.

Wani zai ce: mu biya masa, ya gama, ya tare a Yamai ko ya ƙetare ƙasa, mu ba mu gani a ƙasa ba. Wannan tsoro yana da dalili, an sha ganin haka. Shi ya sa muka ce rance a rubuce, wanda in ya dawo za a ba na baya. Sai dai mu san cewa takardar gama karatu ba ta zuwa da albashi nan take. Da yawa sukan yi shekaru suna aikin sa kai a gidan likita kafin a ɗauke su. Shari'a ta umurci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, don haka kada a sa wa'adin da zai kai yaro ga karɓar na goro a hannun majinyata.

Kai kuma ɗalibi, ka sani kuɗin nan amana ne. Cikinsu akwai na tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli. Biyan farko da za ka yi mata shi ne ka yi karatu da gaske, ka iya aikin. Na biyu, ran da ta zo gabanka ba ta da lafiya, ka tarbe ta da sakin fuska, kada ka daka mata tsawa. Na uku, ka mayar da rancen da zarar Allah Ya hore maka, domin akwai ƙanenka da ke jiran layi.

Limamai da shugabannin unguwa, kada ku bari sai Oktoba ta zo. Tun yanzu ku zauna ku ƙidaya yaran da ke shirin shiga, ku buɗa littafin asusu, ko da da jika ɗaya ce.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya sanya albarka cikin karatun ƴaƴanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.